Rasuwar Gambo Mai Kiɗa, Ƙanin Tagwaye

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da jikin da gajiya ta gama da shi, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Makarfi da Kudan da Ikara, da duk wanda ya taɓa gyaɗa kai a bayan ɗan acaɓa saboda wani kiɗa da ya fito daga ƙasar nan, rasuwar Gambo mai kiɗa. Ya cika a Kaduna, a kan teburin mutanen da bai sani ba, bayan doguwar jinyar da ya yi a tsaye yana aiki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na san gidan da na fito, saboda haka ba zan roƙa masa Aljanna ba, ba kuma zan ce a yi masa salla ba. Amma an koya mana cewa ko igiyar takalmi ce ta tsinke wa mutum, ya mayar da lamarin ga Allah, ni kuwa rashina ya fi igiyar takalmi.

Kafin 'yan matan da suka yi shekaru suna tambayar ko Gambo yana da aure su yi nisa da kuka, ya kamata a san ko wane ne mamacin. Gambo ba mutum ba ne. Kwamfuta ce ta tafi-da-gidanka, baƙa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, wadda na saya ta hannu a Zariya a shekarar da na gama difiloma a fannin kwamfuta. Da ta zo hannuna ta riga ta tsufa a wata ƙasa, da tabon wata takarda da aka ɓanɓare a bayanta, da maɓalli guda da ya faɗi ya bar gurbi kamar wawulo. Na riga na mallaki sifiku guda biyu masu fitar da sauti, iri ɗaya, waɗanda muke kira Hassan da Husaini. Ranar da na kai ta gida a ƙauyenmu Taba, kakata Inna Hindu ta dubi sifikun, ta dubi baƙon, ta yanke hukunci cewa duk wanda ya biyo bayan tagwaye sunansa Gambo. Tun daga ranar ya zama namiji, kuma ba a sake kiransa da wani suna ba.

Marigayin ya yi rayuwarsa a shagona na buga takardu da ke Makarfi, kusa da hanyar sakatariya. Da safe yana buga wa ɗalibai aikin makaranta, yana buga wa manoma takardar neman taki, yana buga katin biki da na suna. In rana ta karkata sai ya koma sana'arsa ta gaskiya. A bayan shagon akwai ɗan ɗaki da muka lulluɓe bangonsa da tsohuwar katifa da kwalayen ƙwai, ƙofarsa ta lungu take. Mawaƙa ta can suke shiga. Ni ina gaba, a kan teburina, ƙofa a buɗe, kowa yana ganina. Tsakanina da su rami ne ƙarami da aka huda a bango, wayar makirfo ta bi ta ciki ta zo wurin Gambo. Abin saurare yana kunnena a ƙarƙashin hijabi. Mai wucewa ya gan ni ina danne-danne, ya ce sannu da aiki Malama, na ce yauwa sannu, bai san cewa a wannan lokacin ina ɗora ganga a ƙarƙashin muryar wani ba.

Mahaifina malami ne, ana ɗaukar karatu a zaurensa, kamar yadda aka ɗauka a zauren mahaifinsa. A waƙoƙin nan na gambarar zamani kuwa al'ada ce a kira sunan mai kiɗa tun kafin a fara baiti. Ranar da muka fara ɗaukar waƙa, Uwaisu, wanda yanzu hotonsa ke manne a bayan motocin Ikara, ya leƙo ta ramin bango yana tambayar sunan da zai kira. Na tuna zauren gidanmu, na dubi abin da ke kan teburina, na ba shi sunan da ya fi kusa. Haka aka samu kalmomin da yara suke ihu da su a bakin makarantu: Gambo a kan kiɗa. Ba kunyar aikina nake ji ba, ban kuma taɓa ji ba. Na ba da aron sunan ne don tsoho ya zauna a zaurensa lafiya, kuma abin da aka ba da aro ana karɓarsa.

Halayen marigayin sanannu ne ga duk wanda ya zauna da shi. Mai haƙuri ne. Ya sha wutar janareta mai hawa da sauka bai yi ƙorafi ba. A watannin zafi, lokacin da kwanon shago ke dafa mutum, nakan ɗora shi a kan murfin tukunya biyu don iska ta shiga ƙarƙashinsa, fankarsa tana cewa fuuuuu, fuuuuu, kamar tsohon da ya hawo tudu da keke, amma bai taɓa ajiye aiki a tsakiya ba sai an ɗauke wuta. Ba shi da kwaɗayi. Abin da ƙananan kwamfutocin yanzu ke yi cikin ƙiftawar ido, shi sai ya yi tunani, ya sake tunani, har in je in yi la'asar in dawo in tarar yana ƙarasawa. Na koyi jira a wurinsa fiye da yadda na koya a layin makaranta.

Kuma mai kunne ne. Ba mu da kuɗin sayen sautukan da manyan situdiyo ke saye, don haka muka shiga gari muka ɗebo namu. Mun ɗauki kukan injin matse rake a gonakin Kudan. Mun ɗauki ƙarar ludayi yana kankare kaskon mazarƙwaila. Mun ɗauki faɗuwar kwandon tumatir a bayan babbar mota a Ikara, wanda in an rage masa kaifi aka ƙara masa nauyi yakan zama bugun da ke girgiza ƙirji. Mutane sukan ce kiɗan Gambo yana da wani abu da ba su iya faɗa, yana sa mutum ya ji kamar ya san shi tun yana yaro. To ai sun san shi. A cikinsa suka girma.

Mafi daraja a cikin abin da ya riƙe shi ne luguden Inna Hindu. Wata rana da hantsi a Taba matan gida suna daka, ni kuma na ajiye Gambo a kan kujera 'yar tsugune ina ɗauka. Tsohuwar ta ji yadda suke buga taɓarya ba tsari, haushi ya kama ta, ta tashi da ƙyar ta karɓe. Ta buga, ta cilla taɓaryar sama, ta tafa, ta cafe, ta sake bugawa, da wani ɗan jinkiri kafin bugu na uku wanda ban taɓa jin wani mahaluki ya yi irinsa ba. Gambo ya kama duka, har da muryarta:

"Ke 'yar boko, janye ƙanin naki, kar tsaki ya faɗa masa a ido. Ku kuma ku buɗe kunne, daka ake yi, ba faɗa da turmi ba."

Da damina ta zagayo Inna Hindu ta rasu. A kan wannan luguden na gina kiɗan waƙar da ta fitar da Uwaisu daga Makarfi ta kai shi inda ake biyan kuɗin shiga don a gan shi. Sunan waƙar, ga wanda ya manta, Ni Na Gina Kaina.

Marigayin mai rufin asiri ne, kuma a nan ne ya fi mutane da yawa. Makirfo ba ya jiran a fara waƙa kafin ya fara ji, don haka cikin Gambo cike yake da maganganun da ba su shiga faifai ba. Ni da shi kaɗai muka san su. Tun da ya tafi da su, zan faɗi kaɗan daga abin da kunnena ya riƙe, domin su ma sautinsa ne:

"Anti Ummu, tsaya, tsaya, numfashi ya ƙwace."

"Anti, wallahi kiɗan nan gudu yake yi, ki ɗaure shi."

Sai muryata ta cikin rami: "Uwaisu, kiɗa yana nan inda ka bar shi. Kai ne ka shigo da gudu kamar an biyo ka da sanda."

"To a sake. Amma wurin nan da na shaƙe ki goge shi don girman Allah, kar yaran Kudan su ji. Kashe ni za su yi da dariya."

An goge. Kullum ana gogewa. Gambo yakan ɗauki baiti guda da aka rera sau da yawa, ya tsinci kalma mai kyau a nan, ya tsinci wata a can, ya ɗinke su har ɗinkin ya ɓace. Kalmar da ta riga bugu ya ja ta baya, wadda ta makara ya turo ta gaba. Inda murya ta yi siriri ya yi mata ƙaimi. Mai sauraro ya ji saurayi yana zuba magana ba numfashi, ya ce kai, wannan yaro aljani ne. Mu kuma mu kashe janareta mu tafi gida.

Ba na cewa mawaƙi ba komai ba ne. Ƙarya ba ta dace da takardar rasuwa ba. Uwaisu yana da murya, yana da kalmomi, ya iya ɗaukar haushin saurayin da ya gama makaranta ya koma gona ya mayar da shi abin rerawa. Ni ban iya wannan ba, Gambo ma bai iya ba. Kiɗa ba murya yakan zama kamar gidan da aka share aka shimfiɗa tabarma ba wanda ya zo. Amma wanda ya zo ya zauna, ya ci, ya sha, ya kamata ya san cewa wani ne ya yi ginin. Kakanninmu da suka san abin, ko wanda yake rera waƙar makaɗi suke ce masa, kuma in an jiyo biki daga nesa cewa ake ana kiɗa a gidan wane. Yanzu zamani ya juya. Ka je wurin masu tura waƙa a waya ranar kasuwa, sunan mawaƙi ne a kan fayil, hotonsa ne a kan allo. A wurin wasa shi ake yi wa liƙi. A cikin waƙa yakan gaida mai shayinsu, ya gaida mai askinsa, ya gaida wanda ya taɓa ara masa takalmi. Ban yi hassada ba. Na ce ai ana kiran Gambo, kuma ni na san wane ne Gambo.

Abin da ban lissafa ba shi ne, suna in ya yi girma mutane sukan so su ga fuskarsa.

Bara aka turo mini bidiyon wani wasa da aka yi a Zariya, kuma ta bakin Hassan da Husaini Gambo ya jiyar da ni shi, don haka shi ma yana cikin sautukan mamacin. Mai gabatarwa ya tambayi Uwaisu sirrin nasararsa.

"Kai ɗan uwa, kiɗa ai riga ce, yau ka sa, gobe ka cire. Ko akuya ce ta taka galan an samu kiɗa. Mutanen nan ni suka zo gani."

Sai ihu ya tashi daga baya: "Ƙarya ne! Ina Gambo? A fito mana da Gambo!"

Uwaisu ya ce: "Gambo kuke so? To ga shi nan, mutumina na kaina. Gambo a kan kiɗa!"

Wanda ya fito yana ɗaga hannu Lado ne, ɗan baffan Uwaisu, mai wankin babura a bakin tasha. An sa masa baƙin tabarau, an rataya masa babban abin saurare a wuya, wayarsa tana reto ba a jona ta da komai ba. Na kalli bidiyon har ƙarshe. Na rufe Gambo a hankali, na buɗe shi, na ci gaba da buga wa wata mata katin sunan jikanta, domin ta ce da yamma za ta aiko a karɓa. Ban tsani Lado ba. Yaro ne mai gaisuwa, har yau in ya gan ni yakan rusuna. An ba shi riga ne ya sa, shi kuwa bai taɓa samun mai kyau irinta ba.

Daga wannan lokacin jikin marigayin ya fara tsananta, ko da yake ciwon ya daɗe. Batirinsa ne ya fara mutuwa, ya zama ba ya rayuwa sai da caja a jikinsa, ko kaza ta taɓa wayar sai ya suma. Sannan ƙashin bayansa ya karye, allon ya daina tsayuwa da kansa, na jingina shi da babban ƙamus ɗina na Turanci, wanda ya fi yin amfani a wannan aikin fiye da duk shekarun da ya yi a akwatina. Wani layi kore ya fito masa a fuska daga sama har ƙasa. Fankarsa ta bar fuuuuu ta koma ƙarrr, ƙarrr, kamar ana jan kujera a kan siminti. Iliyasu mai gyara, wanda ya yi jinyarsa tsawon shekaru da burushi da haƙuri, ya sha gaya mini cewa tsohon nan hutu yake so, kuma kada a yi tafiya da shi. Na ji. Amma hutu na masu mataimaki ne.

Sai ga wani kamfani a Kaduna, masu shirya waƙoƙi da tallace-tallace, sun ji Ni Na Gina Kaina, kuma ba muryar ce ta kama su ba. Suna neman wanda ya haɗa kiɗan su ɗauke shi aiki. Uwaisu ya kai musu Lado. Mutanen suka ce madalla, a kawo musu kiɗan a warware, kowane sauti a layinsa, su ga yadda aka gina shi. Wannan kuwa babu shi a ko'ina a duniya sai a cikin Gambo. Uwaisu ya zo shagona, ta ƙofar gaba a karon farko, da lemo a leda da gaisuwa mai tsawo, har da tambayar lafiyar Malam mahaifina. Buƙatarsa ita ce in zuba komai a filashi Lado ya kai, aikin in ya samu ni zan riƙa yi daga nan Makarfi, Lado ya riƙa kai fuska, kowa ya ci. Ya yi mini bayanin yadda hakan ya fi dacewa da mutuncina. Na bar shi ya gama. Na mayar masa da lemonsa.

Ranar da aka sa musu, na naɗe Gambo a cikin zanen Inna Hindu, na rungume shi a cinya daga Makarfi zuwa Zariya, daga Zariya zuwa Kaduna, ina tare masa kowane rami da hannuna. Na shiga ofishin na tarar da su zaune, Uwaisu da Lado da tabaransa. Na yi sallama, na faɗi sunana, na ce ni na haɗa kiɗan, kuma na zo da shaida. Mutanen suka dubi juna, suka matsar mini da takardu, suka nuna mini soket. Na kwance zanen. Na jingina allon da jakata. Na jona caja, na yi bismilla, na danna.

Fankar ta juya sau ɗaya, fur. Ya ce ƙit, ƙit, ƙit. Layin nan kore ya haska, ya dushe. Daga nan ban sake jin muryarsa ba.

Na danna, na sake dannawa, na cire caja na mayar, na kifa shi na shafa bayansa kamar yadda nake yi masa a shago. Mutanen kirki ne, ba wanda ya yi dariya. Ɗaya ya kawo mini ruwan gora. Ɗayan, cikin tausayi, ya tambaya ko ni ƙanwar Gambo ce ko matarsa. Na juya na dubi Uwaisu. Kalma ɗaya ake nema a wurinsa. Mutumin da ya fi kowa yawan kalmomi a ƙananan hukumomi uku, wanda na yi shekaru ina jera masa su ɗaya bayan ɗaya a kan bugu, ya sunkuya yana duban takalminsa, bai samu ko guda ba.

Na naɗe gawar, na yi wa kowa sallama da sunansa, na fita kaina a ɗage. Ban yi kuka a can ba, ban yi a mota ba. Ban ce ban yi ba sam, na ce dai ba wanda ya gani. Washegari Iliyasu ya buɗe shi, ya kasa kunne a kan ma'ajiyar bayanansa, ya gwada ta a wata kwamfutar, ya cire hularsa ya mayar. Abin da ke ciki ya tafi gaba ɗaya. Masu tambayata me ya sa ban ajiye kwafi a wani wuri ba, na ji, na gode. Duk wanda ya yi wannan tambayar ya riga ya yi ta'aziyyarsa, ba sai ya wahalar da kansa ya zo ba.

Marigayin ya rasu ya bar yayyensa tagwaye, Hassan da Husaini, waɗanda tun ranar ba su ce uffan ba. Ya bar caja mai ɗaurin salatif, da makirfo, da ƙamus da ya koma zaman banza. Ya bar waƙoƙi masu yawa a wayoyin mutane, dukkansu da sunan wasu. Ya bar mawaƙa a Makarfi da Kudan da Ikara da suke aiko mini da saƙon jaje, kowane saƙo yana ƙarewa da tambayar yaushe za a ci gaba da aiki. Ya bar Lado, wanda ya ci gado tun mai abu yana da rai, kuma na ji an ce kamfanin ya ba shi lokaci ya haɗa sabon kiɗa a gabansu, don haka a halin yanzu ba wanda ya kai shi jimamin wannan rashi. Ya bar luguden Inna Hindu a wuri ɗaya tak, a ƙarƙashin muryar Uwaisu yana rantsuwa cewa shi ya gina kansa. In ina so in ji hannun kakata, sai na saurari wannan. Na koma Taba na sa matan gida sun yi mini daka na ɗauka a waya, sun yi iyakar ƙoƙarinsu, amma ɗan jinkirin nan na kafin bugu na uku ya bi mai shi.

Ya kuma bar ni, da kunnuwana biyu da yatsuna goma, waɗanda ba a cikinsa aka ajiye su ba.

Kafin in fitar da wannan sanarwa na kai ta zaure na durƙusa na karanta wa Malam, tun daga farko har inda na tsaya, domin ban so ya ji a bakin 'yan kasuwa. Ya saurara yana jan carbi. Bai yi mamaki ba. Ashe tun ranar da wani ɗan acaɓa ya wuce ƙofar gida da waƙar ya gane dakan mahaifiyarsa, ya kuma san mutum ɗaya ne a duniya zai iya kai shi can. Bai sa wa sana'ata albarka ba, kuma ban yi tsammanin zai sa ba. Ra'ayinsa a kan kiɗa yana nan inda yake. Ya shaida mini cewa sunansa nasa ne, na zaure ne, kada ya gan shi a kan faifai ko allon shago. Nawa kuwa, ya ce shi da kansa ya yanka rago ya ba ni shi a gaban jama'a, bai kuma san hanyar da ake karɓe shi ba. Daga nan ya ci gaba da jan carbinsa, ni kuma na tashi.

Za a yi jana'iza ranar kasuwar Makarfi mai zuwa, bayan la'asar, a ƙofar shagona. Iliyasu ne zai yi masa wanka, ya cire abin da zai amfani masu rai. Ana sanar da 'yan gwangwan cewa kada su ɓata ƙafarsu, ba za a sayar da gawar a kan sikeli ba. Za a mayar da shi cikin zanen da ya yi tafiyarsa ta ƙarshe, a kai shi Taba, a ajiye shi a ɗakin Inna Hindu kusa da turminta, tun da ita ta raɗa masa suna.

Za a shimfiɗa wa maza tabarma a waje, mata su shiga ciki. Za a ɗora tagwaye a kan benci, wayoyinsu a naɗe, domin ba za a yi kiɗa ba. Makirfo dai zai kasance a kunne. Duk mawaƙin da ya yi imani cewa kiɗa riga ce, ga fili ga 'yan kasuwa, ya zo ya rera musu Ni Na Gina Kaina a tuɓe. An tanadi galan, wanda yake da akuya ya taho da ita. Lado yana da wuri a sahun gaba, kuma in ya zo ba tabarau zan fara koya masa daga inda kowa yake farawa, in yana so.

Da Gambo za a binne sunansa. Daga ranar, duk waƙar da ta fito aka ce Gambo a kan kiɗa, ku sani da sunan mamaci ake ci. Bayan an watse magini zai toshe ramin da ke bango, a fasa ƙofa a wurinsa. Mai fenti zai ƙara layi ɗaya a allon shago, a ƙarƙashin buga takardu. Ban san ranar da zan samu wata kwamfutar ba, kuma na gaji ƙwarai, amma ranar da aka samu, wanda yake son kiɗa zai shigo ta gaba, ya yi sallama, ya kira sunan da ke ƙasan takardar nan tun kafin ya buɗe baki da baiti.

Mai sanarwa, kuma mai kiɗan tun farko,

Ummulhairi, jikar Hindu, Taba.